Matakalar Idanre Ba Ta Rufa Wa Saurayi Asiri

A wasiƙunku na wannan watan tambaya ɗaya ce ta fi yawa, wato yaya mace za ta gane halin wanda zai aure ta tun kafin a ɗaura? To ni dai a ganina zancen zaure ba ya nuna hali. Wanda ya sha wanka ya sa shadda ya feshe jikinsa da turare, ya zo ya zauna kan tabarma na ɗan lokaci, ai ko mugu ne zai iya riƙe bakinsa. Gajiya da ƙishirwa su ne suke fito da mutum fili. Shi ya sa yau zan kai ku can ƙasar Yarbawa, garin Idanre na Jihar Ondo, ku ji abin da dutse ya yi.

Idanre gari ne da yake kwance a cikin kwari, manyan duwatsu sun kewaye shi ta ko'ina kamar an aje ƙwarya a tsakiyar turame. Daga Akure tafiyar ba ta kai awa ɗaya a mota ba. Asali mutanen a saman dutsen suke zaune shekaru aru-aru, sai a shekarun 1920 suka fara saukowa ƙasa inda hanya da kasuwa suka fi sauƙi. Tsohon garin da suka bari suna kiransa Oke Idanre, kuma a 2007 Najeriya ta sa shi cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta karɓa a matsayin kayan tarihin duniya. Yawon ba mai nisa ba ne, za ki hau matakala sama da 600, ki zaga tsohon garin ki dawo inda kika faro, sannan ki sauko.

Na je ne lokacin da na kai wa Yayata ziyara a Akure inda mijinta yake aiki. Mu biyar muka tafi, ni da Yaya da maigidanta, sai ƙanwarsa wadda aka sa ranar aurenta saura wata biyu, da angon da ya zo gaishe su daga arewa. Yaro ne kyakkyawa mai ladabi a baki, duk gidan ana yabonsa.

An yi wuraren hutawa guda biyar a kan matakalar. Na farko da dariya muka wuce shi. Kafin na biyu hira ta ɗauke, ba ka jin komai sai numfashi. Shi kuwa ango tuni ya yi gaba yana tsallake matakala bibbiyu, yana tsayawa yana ɗaukar kansa hoto da waya, kuma gorar ruwan amarya tana hannunsa. Muna isa na uku yarinyar nan ta zube kan benci, gumi ya jiƙe mata hijabi, ga igiyar takalminta ta tsinke. Sai muka ji muryarsa daga sama, a gaban ɗan jagora da wasu 'yan makaranta, yana cewa, "Haba ke kuwa, tun yanzu? Ai cin da kike yi ne ya yi yawa." Ya yi dariya ya juya. Yayanta bai ce uffan ba, ya miƙa mata nasa ruwan, ya tsuguna ya ɗaure mata takalmin da zaren jakarsa.

Wallahi saman dutsen nan ya biya mu wahalarmu. Iska mai sanyi ta doke mu, muka leƙa ƙasa sai ga garin duk ya taru wuri ɗaya, rufin kwano ja-ja-ja, motoci kamar ƙwaro, bayan gari kuma kore shar, gonakin koko ne da daji. Ɗan jagora ya bi da mu ta tsohuwar makarantar firamare, ginin ƙasa, ya nuna mana tsohuwar kotu, da fadar sarkinsu da suke kira Owa mai ginshiƙai na sassaƙa. Akwai wani sawu a jikin dutse da suke cewa na Agboogun ne, wai kowace ƙafa aka sa sai ya yi mata daidai. Ni dai ban sa tawa ba, kallo ya ishe ni.

A bakin rafin Arun, wanda ruwansa garai-garai yake, amarya ta tsaya wanke fuska, ta jawo ni gefe ta ce, "Anti, kin ji abin da ya ce?" Na ce na ji. Ta ce, "Ba maganar ce ta fi yi mini ciwo ba. Tun daga ƙasa nake lura, ko sau ɗaya bai waiwayo ya ga ko ina nan ba."

Ban ce a fasa aure saboda matakala ba, kada wata ta je ta ce ni na zuga ta. Wataƙila ƙuruciya ce da son burgewa. Amma zaman aure akwai laulayi, akwai goyo, akwai ranar da za ki kasa tashi daga kan gado, kuma a ranar waiwayen nan za ki nema.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, ƙafa har rawa take yi. Na hangi maigidan Yaya ya jera da angon suna magana ƙasa-ƙasa. Da muka iso ƙasa yaron ya saya mana lemo, ya fara miƙa wa amarya, ta karɓa ta yi godiya amma ba ta sha ba har muka koma Akure. Yanzu dai ta roƙi a ɗaga ranar zuwa bayan Sallah, maganar tana hannun manya.

Wadda ta samu zuwa, ta tafi da rani domin da damina dutsen yana santsi, ta fita da sassafe, ta sa kambas da wando a ƙarƙashin hijabi, kada ta je sai da yayyenta, kuma ruwanta ta riƙe shi a hannunta. 'Yan Kano da Idanre ta yi wa nisa ga Dala nan, 'yan Zariya ga Kufena.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, taku har kullum.