Shinkafa Mai Ɗaci: Gumin Mata Da Tarkon Darekta

In ana zancen finafinan Italiya na bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sunaye uku ne kan zo baki: Rossellini da De Sica da Visconti. Ba kasafai akan tuna da Giuseppe De Santis ba, alhali kuwa fim ɗinsa na 1949, wato Riso Amaro, ya ci kasuwa har a Amurka. Ma'anar sunan ita ce shinkafa mai ɗaci, amma a Italiyanci kalmar riso tana nufin dariya kuma. To, wannan harshen damo bai tsaya ga sunan kaɗai ba, ya bi fim ɗin har ƙarshe.

A wancan zamani, kowace shekara dubban mata talakawa kan shiga jirgin ƙasa zuwa fadamun Vercelli da ke arewacin Italiya, su yi kwana 40 suna dashe da cirar ciyawa, a sunkuye cikin ruwa tun safe har yamma. Nan ne gwanintar De Santis ta fito. Ya nuna yadda ake haɗa masu takardar aiki faɗa da waɗanda suka zo ba takarda, kowane ɓangare yana ganin ɗayan ne ke neman raba shi da abinci. Da yake an hana su hira a bakin aiki, sai su mai da zancensu waƙa, har habaici da waƙa suke yi. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan ƙodago a fadama zai shaida cewa wannan ba ƙage ba ne.

Amma kash! Darektan bai yarda gumin matan nan kaɗai zai riƙe 'yan kallo ba. Sai ya cuso labarin wani ɓarawo, Walter, wanda Vittorio Gassman ya fito a matsayinsa, da wata sarƙar wuya ta sata wadda daga baya ta zama jabu. Walter ya yaudari Silvana, yarinya mai son rawa da kiɗan Amurka, ta buɗe ruwa ya malale gonaki domin ya samu damar kwashe shinkafar rumbu. Daga nan sai harbe-harbe a mahauta, kamar fim ɗin 'yan daba. Matan da muka zo gani suka koma 'yan rakiya.

Babban aibin ma yana gaba. De Santis ɗan gurguzu ne, nufinsa ya ja kunnen matasa game da ƙyale-ƙyalen Amurka. Sai ga shi da ƙyale-ƙyalen ya sayar da hajarsa, domin surar Silvana Mangano, wadda a lokacin ba ta cika shekara 20 ba, ita aka riƙa tallatawa a bangon gidajen silima. Malaman coci suka yi tir, wasu 'yan jam'iyyarsa ma suka yi. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Duk da haka ban ga dalilin mantawa da shi ba. Bayan Silvana ta harbe Walter ta faɗo daga hasumiya ta mutu, matan sukan zo ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ɗebi shinkafar da ta sha wuya kafin ta samu, ta barbaɗa a kan gawar. Wanda ya tsara wannan ya san darajar gumi, ya kuma san yafiya.

Fim ɗinsa na ƙarshe ya fito a 1972. Sai a 1995 bikin finafinai na Venice ya karrama shi, ya rasu a 1997. Shawarata ga masu shirya fim ita ce: in talaka ne jigon labarinku, ku yarda da shi, kada ku ɗauko masa ɓarawo ya raka shi.