Gaɓar Ada: a fara da hanya, kafin a kai ga rumfa

A Ada Foah, inda kogin Volta ke shiga teku, kimanin kilomita 100 gabas da Akara, ruwa na da fuska biyu. Ta wajen teku igiya ce mai ƙarfi da ta daɗe tana cin ƙasa, ta wajen kogi kuwa ruwa ne kwance mai tsibirai. Wannan kwanciyar ce ke jawo masu wasan ruwa: wasu a kan allo mai ƙyalle da iska ke turawa, wasu a ƙaramin kwalekwalen mutum ɗaya da ake kira kayak.

Da yawa daga cikinmu a zango kan ce wannan sha'anin masu kuɗi ne da baƙi, ba ruwanmu. Mu dai ba mu ga haka ba. Duk sa'ad da hukuma ta zauna tsara wurin shaƙatawa a bakin ruwa, rabon gaɓa take yi, kuma abin da aka raba ba ka nan da wuya ka sami kasonka.

Bukatun masu wasan ba su da yawa, kuma halal ne. Mai allon iska yana son fili buɗaɗɗe inda zai shimfiɗa ƙyallensa ya ɗaure, ba tare da dogon gini ya tare masa iskar kudu maso yamma ba. Mai kayak yana son gangare mai sauƙi, domin dakali mai tsawo da aka yi wa babban jirgi ba ya yi masa amfani. Sai ma'aji, da famfon wanke gishiri, da rigar ceto.

Inda hankalinmu ya fi tsayawa shi ne hanya. Wanda ya bi gefen kogin ya ga yadda gidajen hutu suka jera katanga har bakin ruwa. In aka gina mashigi mai kyau amma ƙofarsa ta bi ta cikin otal, to an yi wa masu mota ne kawai. Muna so a fara shata titin jama'a zuwa ruwa, a rubuta shi cikin taswirar gunduma, kana a yi zancen rumfuna. Dokar tsara amfani da ƙasa ta 2016 ta ɗora wa majalisun gundumomi wannan aiki, saboda haka an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Sa'an nan ruwan ba kango ba ne. Masunta na da mashiginsu tun kaka da kakanni, akwai kuma masu nutso suna ɗebo ƙumba, waɗanda matuƙi ba ya ganinsu sai sun ɗago kai. A ware wa kowa sashensa da alamu masu yawo a kan ruwa, a nisanta 'yan koyo daga bakin teku, inda ruwa ke ja da ƙarfi in teku ya janye. Ambaliyar da ta biyo sakin ruwan Akosombo a Oktoban 2023 ta isa ta nuna cewa ma'aji da makewayi ba a ƙasan kwari za a kafa su ba.

Namu kuma, wanda in ba mu faɗa ba babu mai faɗa mana: ɗakin sauya tufa na mata daban, da wurin masu tsire da 'yan koli a cikin tsarin tun farko, kada a gama gini a bi su da kora. Muna roƙon sarakunan zango su wakilta mutum biyu, ɗaya daga cikinsu mace, su riƙa halartar zaman gunduma duk ranar da aka ɗauko batun gaɓa.