Darasin Da Ke Cikin Yankakken Fure Ga Manoman Gobir

Duk wanda ya taɓa ganin kasuwar Sabon Birni ko ta Isa da yamma, lokacin da kayan lambu suka yi yawa, ya san abin da ke faruwa da zarar rana ta karkata. Alayyahun da aka ɗauro da asuba ya lanƙwashe, yakuwa, wadda mutanen wannan yanki ke kira sure, ta yi yaushi, tumatir na ƙasan kwando ya fashe yana zubar da ruwa, mai kaya kuwa ya koma roƙon mai saye ya ɗauka ko da rabin kuɗin safe. Wannan asara ta daɗe tana cin manoman fadama har an ɗauke ta kamar wani abu ne da ba makawa. Wannan jarida tana ganin cewa akwai makawa, kuma hanyar tana cikin wani ilmi da wasu ƙasashen Afirka suka riga suka mayar da shi dukiya, wato ilmin tsawaita rayuwar furen da aka yanke.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa manomin Gobir da fure? Gaskiya ne Bahaushe bai saba kai wa maƙwabcinsa damin furanni ba, kuma babu wanda zai shawarci manomin Isa ya bar albasa ya koma shuka wardi. Amma yankakken fure yana cikin amfanin gona masu saurin lalacewa ƙwarai, saboda haka masana suka zurfafa bincike a kansa. Abin da suka gano game da shi ya shafi ganyen miya, da zogale, da latas, da tumatir, domin duk tsiro ne da aka raba da saiwarsa.

Abu na farko da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, abin da aka yanke daga jikin shuka bai mutu ba. Yana ci gaba da numfashi, yana ƙona ɗan abincin da ya tara a jikinsa, yana kuma fitar da ruwa ta ganyensa, alhali babu saiwar da za ta mayar masa da abin da ya rasa. Idan abincin ya ƙare ko ruwan ya kafe, sai ya tsufa ya mutu. Masana sun tabbatar da cewa duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10, saurin wannan numfashi yakan ninka sau biyu ko ma sau uku. A yankin Sakkwato, inda zafi kan wuce digiri 40 a watannin Maris da Afrilu da Mayu, ma'anar wannan ita ce ganyen da aka bari sa'a ɗaya cikin rana ya yi asarar rayuwar da zai yi ta sa'o'i da dama a inuwa mai sanyi.

Abu na biyu shi ne ruwa. Idan an yanke karan fure, iska takan shiga 'yan ƙananan hanyoyin da ruwa ke bi zuwa sama, ƙwayoyin cuta kuma su taru a bakin yankan su toshe shi. Shi ya sa masu sana'ar fure ke sake datse gindin karan, su tsoma shi cikin ruwa mai tsabta, su wanke bokitansu kullum. Mai sayar da ganye da ke yayyafa wa kayansa ruwan kududdufi yana tsammanin yana raya su ne, alhali kuwa yana saka musu ruɓa, yana kuma kai wa mai ci ciwon ciki.

Abu na uku wata iska ce da ake kira etilin, wadda ba ta ganuwa. 'Ya'yan itatuwa da suka fara nuna, kamar ayaba da mangwaro da tumatir, suna fitar da ita da yawa, haka ma duk abin da ya ji rauni ko ya fara ruɓewa, kuma tana cikin hayaƙin mota. Ita ce ke sa fure ya zubar da kunnuwansa, ganye ya koma rawaya. Saboda haka manomin da ya ɗora damin alayyahu a kan kwandon nunannen tumatir, ya rufe su da tamfol a bayan mota, ya haɗa wa kayansa zafi da rauni da etilin a lokaci guda.

Ƙasar Kenya ta gina babbar sana'a a kan waɗannan abubuwa uku. A gonakin da ke kewaye da tafkin Naibasha ana yanke wardi, nan take a tsoma shi cikin ruwa mai magani, a shigar da shi ɗakin sanyi da bai wuce digiri 2 zuwa 4 ba, a tantance, a ɗaure, a ɗauke shi cikin motoci masu sanyi zuwa filin jirgin saman Nairobi. Kashegari yana babbar kasuwar furanni ta Aalsmeer a ƙasar Holan, kuma bayan ya isa gidan mai saye a Turai yakan yi mako guda ko fiye yana tsaye cikin kwalba. Ƙasar Habasha ta bi sahu tun shekarun 2000, yau fure yana cikin manyan abubuwan da ke kawo mata kuɗin waje. Ƙasar noma ta waɗannan wurare ba ta fi fadamar Rima albarka ba. Abin da suka fi mu da shi shi ne sun ɗauki sa'o'in da ke tsakanin yanka da sayarwa a matsayin wani ɓangare na noman kansa.

A nan ne tsarin aikin gona na wannan ƙasa ya yi rauni. An gina madatsar ruwa ta Bakolori a ƙarshen shekarun 1970, aka gina ta Goronyo a kan kogin Rima a shekarun 1980, aka kawo Shirin Fadama tare da Bankin Duniya tun farkon shekarun 1990, aka raba injunan ban ruwa, aka haƙa rijiyoyin burtsatse. Duk wannan ya ƙara yawan abin da ake nomawa, kuma abin yabo ne. Amma hankalin hukumomi ya fi tsayawa a kan iri da taki da ruwa. Da zarar amfani ya fito daga gona sai a bar manomi da kwandonsa da rana. Sakamakon haka kowa ya san shi: lokacin kaka tumatir ya yi arha har a zubar, bayan wata uku kuma ya gagari talaka.

Halin da ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa suke ciki ya ƙara wa matsalar nauyi. Shekaru ke nan 'yan bindiga sun addabi wannan yanki. A watan Mayu na 2020 an kashe mutane da dama a ƙauyukan Sabon Birni, a watan Disamba na 2021 aka ƙona matafiya cikin mota a hanyar yankin, dubban jama'a kuma suka tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar neman mafaka. Hanyar da ta ratsa dajin Gundumi ta zama abin tsoro, direbobi sukan jira rakiya ko su zagaya, kuma ba mai son tafiyar dare. Tafiyar dare kuwa ita ce tsohuwar dabarar masu kayan gwari, domin da dare ne ake samun sanyin hanya. Rufe iyakoki da aka yi daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 2023, su ma sun nuna wa manoman iyaka cewa kasuwa tana iya tsayawa ba tare da sanarwa ba.

Wasu za su ce tun da haka ne, a bari sai tsaro ya samu kafin a yi maganar adana ganye. Wannan jarida ba ta yarda da wannan ra'ayi ba. Tsaron rai da dukiya shi ne haƙƙi na farko da ke wuyan gwamnati, kuma babu wani shirin gona da zai maye gurbinsa. Amma manomin da kayansa ke lalacewa cikin yini ɗaya dole ne ya hau hanya ko da ya ji labari marar daɗi, ko kuma ya sayar wa dillali yadda dillalin ya ga dama. Wanda kayansa za su iya kwana biyar yana da zaɓi: zai jira ranar da hanya ta yi kyau, zai kuma yi ciniki da ƙarfinsa. Ga iyalan da aka raba da manyan gonakinsu na daji suka dogara da ɗan lambun bakin gari, kowane kwando da ya tsira abinci ne da kuɗin magani.

Abin farin ciki shi ne mafi yawan gyaran ba ya bukatar jirgin sama ko wutar lantarki. A yanke ganye da sassafe kafin rana ta yi zafi. A kai shi inuwa nan take, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara, a bar iska tana ratsa shi. A raba nunanne da ɗanye, a fitar da mai rauni. A bar dogon kwandon da ake tula wa tumatir har na ƙasa ya matse, a koma akwatin roba mai huji wanda ake jerawa ba tare da nauyin na sama ya sauka kan na ƙasa ba. Albasa kuwa a bar ta ta sha iska har wuyanta ya bushe kafin a kai ta rudu, kuma a daina ba ta ruwa ana gab da cirewa. Ya kamata kuma a sani cewa sanyin da ya dace da wardi da latas yana cutar da tumatir da tattasai da kuɓewa, waɗanda ba su son sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10 ko kusa da haka.

Akwai ma dabarar da ɗan wannan ƙasa ya yi suna da ita. Malam Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a jihar Jigawa, ya yaɗa hanyar sa tukunya cikin tukunya, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yayin da ruwan ke tashi ta jikin tukunyar waje, sai ya tafi da zafin abin da ke ciki. Wannan aiki ya ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Dabarar ta fi aiki a inda iska ke bushe, wato daidai yanayin Gobir a lokacin hunturu da bazara, lokacin da kayan lambu ke fitowa. Maginan tukwane suna nan, yashi yana nan a bakin gulbi. Abin mamaki ne a ce fiye da shekara 20 bayan haka ba a ga irin wannan randa a kowace rumfar mai ganye ba.

Busarwa ma hanya ce da kakanni suka bari, kamar kuka da busasshiyar kuɓewa da kauɗar tumatir. Abin da ke bukatar gyara shi ne yadda ake yinta. Ganyen zogale ko lalle da aka shanya a inuwa a kan tabarma ko raga ya fi riƙe korensa da amfaninsa a kan wanda aka baza a gefen titi ƙura da awaki na bi ta kai. Zoɓo, wanda shi ne abin da ya fi kusa da sana'ar fure a ƙasar Hausa, ana fitar da shi har ƙasar Meziko, kuma an taɓa dakatar da karɓarsa a can saboda ƙwarin da aka samu cikin buhuna. Haka nan Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a shekarar 2015 saboda yawan maganin ƙwari da aka zuba masa a ma'aji. Waɗannan abubuwa biyu sun nuna cewa sakacin bayan girbi yana iya rufe wa ƙasa baki ɗaya ƙofar kasuwa.

Saboda haka wannan jarida tana kira ga Ma'aikatar Aikin Gona ta Jihar Sakkwato da ta sa kula da amfani bayan girbi cikin aikin kowane malamin gona, kuma a auna ƙoƙarinsa da abin da ya isa kasuwa lafiya. Ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, waɗanda ke karɓar kuɗin shiga daga kasuwanni, lalle ne su mayar da wani kaso wajen gina rumfuna masu inuwa da samar da ruwa mai tsabta ga masu kayan gwari. A taimaka wa ƙungiyoyin manoma su mallaki akwatunan roba su riƙa bayarwa haya, kuma a gwada ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana, irin wanda aka kafa a wasu kasuwannin ƙasar nan, a ƙarƙashin kulawar 'yan kasuwa da kansu domin kada ya zama kango bayan bikin buɗewa.

Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona ta Ƙasa da ke Ilori, da Cibiyar Binciken Kayan Lambu da ke Ibadan, suna da ilmin da ake bukata, amma ilmin da ke rubuce cikin Turanci a kan kanta ba zai kai ga mai lambun bakin Rima ba. A fassara shi zuwa Hausa, da boko da ajami, a karanta shi a gidan Rediyon Rima. Ɗaliban Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuwa suna da aikin bincike a ƙofar gida: kwana nawa sure ke yi a randa, kwana nawa a kwando, kashi nawa na albasa ke ruɓewa a rudu daga Afrilu zuwa Agusta. Da irin waɗannan alƙaluma ne ake tsara kasafin kuɗi mai ma'ana.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Rumfar da ake son ta yi amfani a kakar kayan lambu mai zuwa, yanzu ne ya kamata a sa ta cikin kasafi, a kuma fara aikinta kafin a dasa tumatir.