'Yan Takarar Shugabancin Amurka a Gaban Ɗalibai

Al'ada ce a ƙasar Amurka, duk bayan shekara huɗu, in zaɓen Shugaban Ƙasa ya gabato, masu neman kujerar su riƙa bin jami'o'i da kwalejoji suna yi wa ɗalibai lacca. Ya kamata malaman makaranta da akawuna su dubi al'amarin nan da idon basira, don kuwa tarukan ba duka suka zama ɗaya ba. Akwai wanda ɗalibi ya ke tashi daga gare shi da ƙarin sani, akwai kuma wanda ba a nemi kome a wurinsa ba sai tafi.

Ran 14 ga watan Oktoba, 1960, John Kennedy ya isa Jami'ar Michigan wajen ƙarfe biyu na dare, ya tarad da ɗalibai kimanin 10,000 suna jiransa. Maimakon ya jera musu alkawura, sai ya tambaye su ko su nawa ne cikin masu koyon aikin likita za su yarda su tafi Ghana su yi aiki. Ɗaliban ba su bar maganar ta bi iska ba. Suka rubuta takarda, kusan mutum 1,000 suka sa hannu cewa a shirye su ke. Da ya ci zaɓe, ran 1 ga watan Maris, 1961, ya kafa ƙungiyar Peace Corps ta matasa 'yan sa kai. Tun cikin shekarar nan suka fara isowa Ghana da Nijeriya, waɗansunsu kuwa suka yi koyarwa a sakandare da kwalejojin horon malamai na Arewa. Abin lura shi ne, a lokacin sai mai shekara 21 ke jefa ƙuri'a a Michigan, watau da yawa daga cikin ɗaliban nan ba su da ƙuri'ar da za su ba shi.

Ƙanensa Robert Kennedy shi kuma ya gamu da ɗalibai masu tsauri. Ran 26 ga watan Afrilu, 1968, ya je makarantar koyon aikin likita ta Jami'ar Indiana, yana maganar taimakon talakawa wajen magani. Aka tambaye shi inda kuɗin za su fito, ya ce daga aljihunsu. Har wa yau ya gaya musu a fili cewa 'ya'yan talakawa ne ke ɗauke da nauyin yaƙin Biyetnam, su kuwa an ɗaga musu ƙafa saboda karatu. Maganar ba ta yi wa da yawansu daɗi ba, amma sun tashi sun san abin da zai yi in ya hau mulki. Amfanin taron ke nan.

A 1971 aka gyara tsarin mulkin Amurka, aka mai da shekarun zaɓe 18, ɗalibai suka zama masu ƙuri'a. Sa'an nan a 1987 aka kafa hukumar shirya mahawarar 'yan takara, wadda daga 1988 zuwa 2020 ta yi yawancin mahawarorinta a jami'o'i. Jami'ar Hofstra ta jihar New York kaɗai ta karɓi baƙuncin uku, a 2008 da 2012 da 2016. To, amma a irin wannan zama jami'a zaure kawai ta ke bayarwa. Galibi 'yan jarida ke tambaya, ɗalibai kaɗan ne ke samun kujera, su ma ba a yarda su yi magana ba. A 2024 ma 'yan takarar suka yi watsi da hukumar, aka soke mahawarorin da aka shirya a jami'o'in jihohin Texas da Virginia da Utah. Biyun da aka yi, gidajen talabijin ne suka shirya su, ba 'yan kallo a ɗakin.

Lissafin ƙuri'u ya nuna cewa zuwan manya makaranta shi kaɗai bai isa ya ja matasa rumfar zaɓe ba. A 1972 wajen rabin 'yan shekara 18 zuwa 24 suka fita zaɓe. A 1996, bayan mahawarori da yawa a jami'o'i, wajen ɗaya cikin uku ne kawai.

Ita makarantar kuma da takunkumi a kanta. Tun 1954 dokar harajin Amurka ta hana duk wata cibiyar agaji ko ta ilimi da aka yafe wa haraji, har da jami'o'i masu zaman kansu, ta goyi bayan ɗan takara ko ta soke shi. Tana iya gayyatarsu, muddin ba ta fifita wani bisa wani ba. Hikimar a fili ta ke: makaranta ta 'ya'yan kowa ce, ran da ta zama ta jam'iyya ɗaya, sauran iyaye za su daina amince mata.

Saboda haka duk shugaban makarantar da ya ke so ya karɓi 'yan siyasa, lalle ne ya tsaya a kan abu uku. Na fari, a aika wa kowane ɗan takara goron gayyata iri ɗaya, a ba shi lokaci daidai da na abokin karawarsa. Na biyu, ɗalibai da kansu su yi tambaya, kada a tace ta, wanda aka kauce wa tasa kuwa a bar shi ya maimaita. Na uku, malami ya shirya ɗalibansa tun da wuri, su karanta manufofin jam'iyyu, amma ya bar ra'ayinsa a gida.

Matambayi ba ya ɓata, in ji masu magana. Yaron da ya saba tun yana makaranta ya miƙe da ladabi ya ce wa babba, "Ranka ya daɗe, da wane kuɗi za a yi wannan aiki?" da wuya a ruɗe shi da kiɗa da kirari ranar zaɓe.