Zakka, Hubusi Da Rufin Makarantun Gwamnati

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wani Alhaji mai sayar da yadi a Kantin Kwari ya aiko mana da takarda, yana cewa firamaren da ya yi karatu a garinsu iska ta yaye rufin azuzuwanta biyu tun daminar bara waccan, har yau ba a mayar ba, an haɗa yaran aji uku a ɗaki guda. Ya ce ga shi shekara ta zagayo wa dukiyarsa, shin ya halatta ya cire daga zakkarsa ya sayi kwano da katako a rufe? Mun gode wa Alhaji, Allah Ya saka da alheri, domin tambayarsa ta taɓo abin da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya.

Amsa a taƙaice ita ce, a bisa mazhabarmu ta Malikiyya, ba a yin gini da zakka. Allah Maɗaukaki da kansa Ya ƙayyade mutane iri 8 da ake ba su ita, a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma galibin malamai sun tafi a kan cewa sai an mallaka ta ga wanda ya cancanta, ta zama tasa. Malamanmu ba su yarda a gina ko ganuwar gari da ita ba, alhali kuwa ganuwa tsaron rayukan jama'a ce. Mun san akwai waɗansu malaman zamani da suka faɗaɗa ma'anar ciyarwa saboda ɗaukaka addinin Allah har ta haɗa da gina makarantu, ba kuwa ma raina ilminsu, amma mu dai ba za mu sa mutum ya jefa farillarsa cikin saɓani ba alhali ga wata ƙofa a buɗe. In Alhaji yana so zakkarsa ta shafi wannan makaranta, sai ya nemi matalautan iyayen yaran da masu riƙon marayun cikinsu ya damƙa musu, su yi wa 'ya'yansu ɗinki su sayi littattafai. Rufi kuwa sai da sadaka ta ganin dama, ko hubusi, watau waƙafi.

Kafin mu zo kan hubusi, ya kamata mu tambayi kanmu yadda aka yi makarantun nan suka lalace kusan a lokaci guda, daga Sakkwato har Yola. Manya daga cikin masu karatu za su tuna watan Satumba na 1976, sa'ad da gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka sani da U.P.E. An yi tanadin yara wajen miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai ga kusan miliyan 3 sun bayyana. Aka shiga ba da kwangilar azuzuwa cikin gaggawa, kuɗin man fetur na ta kwarara, wanda bai taɓa aza bulo ba ma ya zama ɗan kwangila. Ba a jima ba farashin mai ya faɗi, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, shirin SAP ya biyo baya a 1986. Duk sa'ad da aljihun gwamnati ya tsuke kuwa, kuɗin gyara ake fara yankewa, don shi ba ya yajin aiki, ba ya kai ƙara. Gine-ginen nan yau shekarunsu 50 ne ko kusa da haka, da yawansu kuma ba su taɓa ganin kafinta ba tun ranar da aka miƙa makullansu.

Abin mamaki, kakanninmu da suka zauna cikin ginin ƙasa sun fi mu sanin wannan sha'ani. Mai soro ya san kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai ya hau ya duba indararo, ya toshe tsaga, ya sake yaɓe, in ba haka ba damina ɗaya ta ishe shi nadama. Da siminti da kwano suka zo sai muka ɗauka an gama da wannan wahala har abada. Alhali lalacewar aji tana da tsarinta wanda kowane kafinta ya sani. Ƙusa ce guda za ta saki, iskar farkon damina ta riƙa ɗaga kwanon, ruwa ya sami hanya ya jiƙa katako da silin, gara ta bi danshi ta cinye katakon, sa'an nan wata guguwa ta zo ta ɗauke rufin ɗungurungum ta jefar a gonar maƙwabci. Daga nan ruwa ya riƙa sauka a kan bango kai tsaye, filasta ta zube, daɓe ya farfashe, masu ɗan hali su ɓalle tagogi da ƙyamare. Aikin da a shekarar farko ƙusoshi ne da ladan kafinta na yini guda, a shekara ta biyar ya zama sai an rushe an sake. Ba kuwa dukiya kaɗai ake hasara ba. A watan Yuli na 2024 benen wata makaranta mai zaman kanta ya rufta wa ɗalibai a Jos suna cikin aji, mutum 22 suka rasu. Wannan ba ta gwamnati ba ce, amma bango mai tsaga ba ya tambayar wanda ya mallake shi.

To, a nan ne muke so 'yan'uwa su dubi hikimar malaman fiƙihu. Asalin hubusi shi ne gonar da Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya samu a Haibara, ya nemi shawarar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka nuna masa ya tsare gonar kada a sayar, kada a yi kyauta da ita, kada a gada, ya riƙa sadaka da amfaninta. Da irin wannan dukiya aka riƙe Azhar ta Alƙahira ɗaruruwan shekaru tun ginata a wajen 970, haka nan Ƙarawiyyin ta birnin Fas. Waɗanda suka gina su ba su tsaya ga bango ba, an haɗa su da kantuna da gidaje da gonaki waɗanda kuɗin hayarsu ke komawa gare su. Sa'an nan malamai suka kafa wata ƙa'ida wadda ita ce muka fi so a riƙe: abin da hubusi ya samar, da gyaransa ake farawa kafin a ba kowa ko anini. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu, wanda ake karantawa a zaurukanmu, an nuna cewa ko mai hubusin da kansa ya sa sharaɗin kada a fara da gyara, ba a bin wannan sharaɗi. Dalili kuwa a fili yake, mai hubusi lada mai gudana yake nema, in asali ya rushe gudana ta tsaya.

Mu kuwa mun juya abin. Attajirinmu yana da saurin gina sabon masallaci kusa da wani masallacin, a kafa allo da sunansa, amma a ce ya ajiye shago guda wanda hayarsa za ta riƙa gyaran abin da aka riga aka gina, sai ka ji shiru. Gwamnatoci ma haka, sabon gini shi ake yanka wa kirtani a ɗauki hoto, ba wanda ke gayyatar 'yan jarida don an sauya katakon da gara ta ci.

Wani zai ce, ai makarantar gwamnati ce, don me zan ɗauke mata nauyinta? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa za mu juya ga 'yan'uwanmu ma'aikata. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa Gwamnatin Tarayya ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na babban asusunta domin ilmin matakin farko, ta hannun hukumar UBEC. Amma kason gine-gine ba ya fita sai jiha ta ajiye nata rabin, ta kuma kawo tsarin ayyukan da za ta yi. Shekara da shekaru hukumar tana kuka cewa biliyoyin naira na kwance ba a ɗauka ba, saboda waɗansu jihohi ba su kawo nasu ba. Ƙananan hukumomi kuwa, albashin malaman firamare ake fara cirewa daga kasonsu, abin da ya saura bai taka kara ya karya ba. Asusun harajin ilmi da aka kafa a 1993, wanda a da yake taɓa firamare da sakandare, tun 2011 aka mayar da shi na manyan makarantu kaɗai. Gwamnatin Kano har dokar ta-ɓaci ta sa a kan ilmi a 2024, abin da ke nuna inda lalacewar ta kai. Saboda haka jami'in da takardar neman kuɗin nan ke kwana a teburinsa, da injiniyan da ke sa hannu cewa an gama aikin da bai je ya gani ba, su sani amana ce a wuyansu, kuma sadakar Alhaji ba ta sauke musu ita.

Amma fa Alhaji ya duba su wane ne ke zaune a ajin nan mara rufi. 'Ya'yansa dai mun tabbata suna makarantar kuɗi. Waɗanda ke ciki 'ya'yan yaran shagonsa ne, da na masu yi masa dako, da na direbansa, da na ladanin unguwarsu. Manyan kwalejoji irin su Barewa suna da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai masu faɗa a ji, firamaren ƙauye kuwa ba ta da wanda zai yi mata magana, ko da yake da yawa daga cikin waɗanda suka shiga Barewa ta cikinta suka bi.

Shawararmu gare shi ita ce ya sayi kwanon daga tsarkakakkiyar dukiyarsa, ba daga zakka ba, ya kuma yi aikin da sanin hedimasta da kwamitin kula da makaranta da sakataren ilmi na ƙaramar hukuma, a rubuce. Mun ce a rubuce ne domin mun sha jin inda jama'a suka yi karo-karo suka gyara aji, daga baya wani ya zo ya shafa fenti ya karɓi kuɗin kwangilar gyaran gaba ɗaya. In kuwa Allah Ya hore masa fiye da haka, ya haɗa kai da abokan karatunsa su sayi shago ko ɗan gidan haya a garin su yi hubusi da shi, a rubuta takarda gaban alƙali da shaidu, a naɗa amintattu masu kula, a bayyana cewa kuɗin hayar na gyaran makarantar ne, ba na walima ko kyautar baƙi ba. Jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da hubusi, ana iya neman shawararsu wajen tsara takardar. A sa a ciki cewa kowace shekara a watan Maris, kafin hadari ya fara haɗuwa, za a kira kafinta da magini su zagaya aji aji, su hau rufi su duba, a karanta wa iyayen yara abin da aka samu da abin da aka kashe.

Akwai sauran tambaya guda a takardar Alhaji, game da ko hubusi yana inganta a kan ginin da filinsa na gwamnati ne. Wannan tana bukatar bayani mai tsawo, za mu ɗauke ta a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.