MAI JEGO TANA DA ARBA'IN, WADDA AKA CIRE WA MAHAIFA FA?

Maganar da zan yi yau irin wadda aka saba yi ce a ɗaki da ƙaramar murya, amma na ga ya kamata a fito da ita fili, gama ɓoye ta ɗin nan shi ne ya ke cutar mata masu aiki. Maganar kuwa ita ce komawa bakin aiki bayan an cire wa mace mahaifa a asibiti.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya sami yayata, kuma da izninta na ke faɗa. Malamar firamare ce a wani gari, shekararta 19 tana koyarwa. Ta daɗe tana fama da ƙari a mahaifa, jini yana zuba mata kowane wata har ta ɗashe, daga bisani likita ya ce ba makawa sai an cire. Aka tsaga mara aka cire, ta kwana 5 a asibiti, aka sallame ta da takardar hutun mako 8. Amma kunya ta hana ta miƙa takardar. Ta tura ta ƙasan akwati, ta aika wa hedimasta da saƙon baki, wai zazzaɓi ne ya kwantar da ita. To, wa ke ba da hutun wata biyu don zazzaɓi? Tana cika mako 3 jarrabawa ta matso, aka aiko ana cigiyarta, sai ta ɗaure ciki da zane ta hau babur ta tafi. Ta yini tsaye gaban allo, da aka tashi ta rungumo littattafan yara 70 ta kawo gida don ta duba. Kwana 4 tana haka, a na biyar ɗinki ya yi ruwa, zazzaɓin da ta fake da shi ya zo na gaske, aka mayar da ita asibiti. Hutun mako 8 da ta ji nauyin nema, sai da ya kai ta wata 3.

Ku duba al'adarmu. In mace ta haihu, kowa ya san tana da kwana arba'in. Ba mai sa ta daka, ba mai aiken ta rijiya, uwa ko goggo ta zo ta zauna da ita, maƙwabta suna ta kawo barka. Kwana arba'in kuwa saura kwana 2 su cika mako 6, watau kusan daidai da mafi ƙanƙantar hutun da likitoci ke so ga wadda aka tsaga wa ciki aka cire mahaifa. Amma ita wannan ba suna, ba barka, ba mai zaman jego. Ta shiga asibiti a ɓoye, ta fito a ɓoye, sa'an nan a ce ta koma aiki kamar wadda ta yi mura. Ni dai a ganina wannan ba daidai ba ne.

Bari in ɗan bayyana aikin, don da yawa daga cikinmu jin sunansa kawai mu ke yi. Abubuwan da kan sa a cire mahaifa sun haɗa da ƙarin nan da na ambata, wanda ba ciwon daji ba ne, kuma ya fi kama matan baƙar fata bisa ga Turawa, da zubar jini bayan haihuwa in ya ƙi tsayawa, da fashewar mahaifa cikin doguwar naƙuda, da zazzagowarta, da ciwon daji na bakin mahaifa. Hanyar cirewa uku ce. Ko a tsaga mara, ko a fitar da ita ta hanyar haihuwa ba tare da tsaga ba, ko kuwa a huda ƙananan ramuka a ciki a zura na'ura mai kyamara. Wadda aka tsaga ita ta fi daɗewa ba ta warke ba. Abin da ke ruɗin mutane shi ne, fatar waje ta kan kame cikin mako 2, sai a ga kamar an gama, alhali naman ciki yana bukatar mako 6 ko fi kafin ya yi ƙwari. In aka ɗauki kaya mai nauyi kafin nan, ɗinkin ciki na iya saki, har hanji ya turo ta wurin. In kuma an haɗa da jakunkunan ƙwai guda biyu da ke gefen mahaifa aka cire, nan da nan mace za ta shiga halin wadda ta daina al'ada, komi ƙuruciyarta: zafi ya taso mata, gumi ya karyo, barci ya yi wuya. Ga gajiya wadda kan daɗe bayan ciwon ya tafi.

Wani zai ce ai koyarwa ba aikin ƙarfi ba ne. Wanda bai yi ba ke faɗin haka. Malama tana tsaye awa 4 ko 5, tana ɗaga hannu tana rubutu a allo, tana ɗaga murya, tana hawa bene tana sauka. A kwaleji irin tamu ga zagayen duba ɗalibai masu koyarwar gwaji a makarantun ƙauye, bisa hanya mai gargada. Balle matan da ke shara da masu dafa abinci, waɗanda aikinsu duka sunkuyo ne da ɗaukar bokiti da tukunya. Su ne ma suka fi ba ni tausayi. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ba mai haihuwa mako 12, amma ga rashin lafiya kwana 12 na aiki kaɗai ta wajabta a biya mai aikin hannu da akawu a shekara. Malaman gwamnati suna da nasu ka'idodi masu rangwame, mai shara kuwa da an wuce kwanakin nan sai ta zaɓa, ko lafiyarta ko tuwon 'ya'yanta.

Saboda haka ina roƙon Shugaban Kwaleji, ransa ya daɗe, da shugabannin sassa, su dubi abu huɗu. Na ɗaya, takardar likita ta wadatar, kuma a sa wata babbar malama mai riƙon amana wadda mata za su kai wa irin wannan takarda, kada ta bi tebur biyar kowa yana karantawa. Na biyu, in ta komo a shigar da ita sannu-sannu: rabin yini a mako biyun fari, aji a ƙasa, da kujera a gaban allo. Na uku, a ɗauke mata zagayen ƙauye da tsaron jarrabawa na wannan zango. Na huɗu, mai shara da mai girki a sauya musu aiki marar nauyi har wata 3, kada kuma a yanke musu albashi.

Na san za a ce, to wa zai ɗauki darussanta? Amsa ita ce, wanda ke ɗauka in malam ya tafi aikin Hajji, ko ya tafi ƙarin ilmi, ko malama ta haihu. Ba mu taɓa rufe aji don waɗannan ba. Ku kuma yi lissafi da labarin yayata: makarantarsu ta matsa ta komo mako 5 kafin lokaci, ta ƙare da rasa ta wata 3.

Saura maganar baki, wadda ita ce tushen ɓoyon. Na sha jin ana cewa wance ai ta zama namiji, ko an kwashe mata komi. Wannan jahilci ne, kuma bai dace da gidan ilmi ba. Mahaifa ɗakin ɗa ce. In an cire ta al'ada ta tsaya, haihuwa ta ƙare, amma mace tana nan mace, matar mijinta, ilminta da hankalinta ba su ragu da ƙwayar zarra ba. Wata kuwa tana cikin baƙin ciki mai tsanani, musamman wadda ba ta sami ɗa ba, ko mai kishiya. Kada ku tambaye ta me aka cire. Ku ce, "Sannu Malama, barka da arziki, Allah Ya ƙara sauƙi," ku karɓi littattafan da ke hannunta.

Ke kuma 'yar'uwa da abin ya shafa, ga nasiha. Kunyar da za ta mayar da ke gadon asibiti ba ta da amfani, ki miƙa takardarki. Da na yi misali da jego ban ce ki yi wankan tafasasshen ruwa ko shan kunun kanwa ba, hutun kaɗai na ke nufi. Kada kuma ki yini kwance, ki riƙa ɗan tattaki kullum kina ƙarawa, don kada jini ya daskare a ƙafa. A makonnin fari kada ki ɗauki abin da ya fi buta cike da ruwa. Ki ci hanta da wake da ganye, ki sha maganin ƙarin jini in an ba ki. In kin ga zazzaɓi, ko jini mai yawa, ko ruwa mai wari, ko ƙwauri ɗaya ya kumbura yana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, maza ki koma asibiti, kada ki jira gobe. Ranar komawa aiki kuwa, likitanki shi zai yanke.

Ku ɗalibai, gobe ku ne hedimastoci. Wata rana wata malama za ta aiko muku da saƙon baki wai zazzaɓi ne, mako 3 ba ta leƙo ba. Kafin ku aika mata da takardar gargaɗi, ku tura wata dattijuwa ta je ta gaishe ta tukuna.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin. Wassalam.