Baƙon makaɗi da asalinsa: daga garken Sayam zuwa dandalin Ingila



Wani abokina ma'aikacin gwamnati, da ya dawo daga horo a Faransa, ya yi mini tsarabar wani ɗan littafi mai shafi kaɗan, irin wanda ake miƙa wa mutum a ƙofar zauren kiɗan turawa na dauri, wato kiɗan nan da ake rubutawa a takarda, makaɗa sittin ko tamanin su zauna su kaɗa shi a ƙarƙashin jagora guda. A irin wannan zaure akwai makaɗan gida masu albashi, akwai kuma baƙo, wanda ake gayyatowa daga wata ƙasa don dare ɗaya ko biyu, ya tsaya a gaba da gogensa ko ya zauna ga fiyano, sauran su rufa masa baya. Abin da ya ɗauke mini hankali shi ne shafin da aka keɓe wa wannan baƙo. An faɗi garin da aka haife shi, da shekarunsa sa'ad da ya fara riƙe goge, da sunayen malamansa ɗaya bayan ɗaya, da makarantun da ya zauna, da gasar da ya ci, da biranen da ya taɓa yin wasa. Har gogen ma an ba da tarihinsa, an ambaci wanda ya sassaƙa shi da shekarar da aka yi. Kafin mutumin ya ja tsirkiya ɗaya, duk wanda ke zaune ya san daga wane gida wannan hannu ya fito.

Mu ma baƙon makaɗi ba sabon abu ba ne a wurinmu. In za a yi naɗin sarauta a ƙasar Mangari, ko auren ɗiyar wani babban alhaji a Difa, ko an zo kokowar ƙasa ta neman takobi, ai har daga Damagaram da Maradi da Maiduguri ake aiko mota a ɗauko makaɗa. Dattawan wannan yanki har yanzu in an ambaci algaitar Cetima Ganga sai ka ga sun gyara zama. Amma ku dubi yadda abin yake tafiya a filin biki: maroƙi ya miƙe ya jero asalin mai gida tun daga kaka da kakanni, ya jero na baƙin da suka zo da manyan riguna, mu kuwa mu yi ta liƙa jika-jika a goshi don mu ji an kira sunan ubanninmu. Mutum ɗaya ne ba a faɗin asalinsa a wurin, shi ne wanda ke riƙe da kayan kiɗan. Ba mai tambayar wa ya koya masa, ko shekara nawa ya yi yana ɗaukar jakar maigidansa kafin a bar shi ya busa a gaban sarki.

Wannan tunani ya bi ni har Sayam. Ga wanda bai san wurin ba, Sayam tana kimanin kilomita 40 daga garin Difa, can cikin rairayi, nesa da kwarin Komadugu da gonakin tattasai. Abu biyu aka san ta da su. Na farko shi ne gidan kiwon gwamnati da aka kafa bayan farin shekarun 1970, don a adana irin shanun nan da ake kira kuri, farare masu kumburarrun ƙahoni, waɗanda suka saba iyo daga tsibiri zuwa tsibiri a tafkin Cadi, kamar yadda aka keɓe Tukunus don shanun azawak. Na biyu shi ne sansanin ƴan gudun hijira na Sayam Forage, wanda aka buɗe a ƙarshen shekarar 2014 don mutanen da rikicin Boko Haram ya koro daga Najeriya. Shanun kuri kuwa dukiyar Buduma ce, mutanen tafki, masu kiran kansu Yedina. Hukuma ta gane tun da wuri cewa in aka bar wannan iri ya gauraye da sauran shanu zai ɓace, sai ta kewaye masa fili, ta haƙa masa rijiya, ta sa masa likitoci da makiyaya da kasafi. Wannan dabara ce mai kyau, ba ni da ta cewa a kanta. Sai dai Buduma suna da wani gadon bayan saniya, shi kuwa bai samu rijiya ba.

Sunansa biram. Kayan kiɗa ne mai tsirkiya biyar, babba, an sassaƙa jikinsa da itace kamar kwalekwale, an rufe shi da fata, wuyansa ya lanƙwasa sama, tsirkiyoyin suka sauko daga wuyan zuwa cikin. Masana kayan kiɗa sun daɗe suna lura da kamannin da ke tsakaninsa da waɗanda aka zana a bangon kaburburan Masar ta dā. A wurin masunta Buduma ba abin wasa ba ne, suna danganta shi da iskan tafki da suke kira Kargila, ana girmama shi, kuma waƙoƙinsa na tafkin ne da kifi da shanu da jarumtakar kakanni. To, amma tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25.000 a farkon shekarun 1960 ya janye ƙwarai bayan farin 1973 da na 1984, har ruwa ya yi shekaru bai leƙo ɓangaren Nijar ba. Jama'a suka watse bin ruwa da kiwo, samari suka koma ga rediyo da kaset, aka wayi gari a farkon wannan ƙarni dattijo ɗaya ake nunawa a matsayin gwanin biram, Bukar Tar, a ƙauyen Doro Lelewa na ƙasar Ngigmi.

A nan ne labarin ya haɗu da na marigayi Malam Mamman Barka, wanda da yawa daga cikinku kun san muryarsa a Muryar Sahel tun kafin a san shi da biram. In da za a rubuta masa irin shafin nan na ɗan littafin abokina, ga abin da zai ƙunsa. An haife shi a Tasker, a ƙarshen shekarun 1950, cikin Tubawa makiyaya, ba a gidan kiɗa ba. Ya shiga lakwal, ya fito mushe, ya yi shekaru yana koyar da yara, daga nan ne ma sunan Malam ya bi shi. Da gurumi ya yi suna, yana waƙa da Hausa da sauran harsunan gabas, har sunansa ya ƙetara iyaka zuwa Najeriya. Daga baya ya zauna a Yamai, yana aiki da cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya. A shekarar 2002, da tallafin hukumar UNESCO, ya bar birni ya tafi bakin tafki ya durƙusa gaban Bukar Tar.

Wannan durƙuso shi ne abin da na fi girmamawa a rayuwar mutumin. Ku auna da kanku. Mutum ya haura shekara arba'in, sananne, ana tafa masa a babban birni, ga ilimin boko, kuma ba ɗan ƙabilar ba ne, sai ya koma almajiri a hannun wani tsoho masunci wanda ba a taɓa buga sunansa a jarida ba, ya koyi ɗaurin tsirkiya da ladubban abin da waƙoƙinsa cikin harshen Buduma. Mu ma'aikata mun san yadda yake da wuya shugaban ofis ya tambayi masinja hanya, balle ya zauna ya ɗauki karatu a wurinsa. Tsohon ya karɓe shi, ya koya masa, ya ba shi biram ɗinsa, ba a daɗe ba kuma ya riga mu gidan gaskiya.

Daga nan Barka ya zama baƙon dandalin duniya. A 2005 ya kai biram bikin kiɗan hamada a Risani ta ƙasar Maroko. A 2008 ya hau dandalin WOMAD a Ingila, tare da abokin tafiyarsa Umaru Adamu mai duma da kalangu da ƙwarya, a 2009 kuma wani kamfanin Landan, World Music Network, ya fitar musu da faifai. Duk inda suka sauka, takardar da ake raba wa ƴan kallo tana ɗauke da sunan Bukar Tar da na tafkin Cadi. Wato sai da aka je Turai kana aka yi wa makaɗinmu kirarin asali, da bakin waɗanda ba su san inda Ngigmi take ba. Shi da Umaru da wasu makaɗa biyu na ƙungiyar Etran Finatawa sun kuma zaga makarantun Nijar suna nuna wa yara kayan kiɗan gargajiya, aikin da ya dace da tsohon mushe. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 21 ga watan Nuwamba 2018.

A wannan shekara ta 2008 da Barka ya yi wasa a Ingila, wani baƙon daga yankinmu ya zauna a gaban babbar ƙungiyar makaɗan Landan, London Symphony Orchestra, a zauren Barbican: Tumani Jabate na Mali, gwanin kora. An fitar da faifan wannan dare a 2021, shi kuma ya rasu a Bamako a watan Yuli 2024. Bambancinsa da Barka ba a gwaninta yake ba. Tumani ɗan Sidiki Jabate ne, gidansu suna ƙirga kakanni saba'in da ɗaya a kan kora, kuma tun yana raye ɗansa, shi ma Sidiki, ya riga ya hau dandali tare da shi. Haka Rabi Shankar na Indiya, wanda ya zauna a garin Maihar daga 1938 zuwa 1944 a gidan malaminsa Alauddin Khan kafin duniya ta san shi, ya zo ya yi faifai da Yehudi Menuhin mai goge a 1967, ya bar ɗiyarsa Anushka da ɗalibai masu yawa. Menuhin kansa ya kafa makarantar yara makaɗa a Ingila tun 1963. Kowane ɗaya daga cikinsu in ya tafi baƙunci, akwai gida a bayansa da ke ci gaba da haihuwa. Kora ta je Landan ta bar ɗaruruwan irinta a Bamako da Banjul. Biram kuwa ya je ne a hannun mutum guda, wanda ya karɓe shi daga hannun mutum guda.

Shi ya sa ba na cikin masu cewa tunda an tafa wa biram a Turai to ya tsira. Tafi ba ya yaye almajiri. Gayyata ta kwana uku ce, a biya jirgi da masauki, a ɗauki hoto, a dawo. Koyon kayan kiɗa irin wannan kuwa zama ne na shekaru, yaro yana ci yana sha a gidan malami, kuma wani ne zai ɗauki nauyin hatsin. Sa'an nan ga abin da ya faɗa wa tafkin kansa. Bayan harin tsibirin Karamga na watan Afrilu 2015, hukuma ta umarci mazauna tsibiran su tashi, dubban mutane suka taka da ƙafa zuwa Ngigmi da Boso cikin zafin bazara, aka yi shekaru an hana kamun kifi da cinikinsa. Ƴan kasuwar banda sun san asarar da suka yi, suna iya faɗinta da jika da buhu. Asarar da ba ta shiga littafin kowa ba ita ce ta waƙoƙin da ke cikin kan tsofaffin da aka raba da kwalekwalensu, aka zaunar da su a rumfunan leda a gefen babbar hanya, wasu kuma a Sayam, kusa da shanun da gwamnati ke yi wa allura a kan lokaci.

Na san abin da wasunku za su ce, domin an sha faɗa mini a majalisa: mutanen da ke neman abin sawa a baki, wa zai zo musu da zancen tsirkiya? Wasu kuma su ce kiɗa sana'ar roƙo ce, ɗan mutunci ba ya sa kuɗinsa a ciki. Na farkon yana da gaskiyarsa, ban kuma ce a rage wa kowa mudu ba. Na biyun ne ba na karɓa daga bakin wanda na gani da idona yana zuba jika hamsin a kan makaɗi a dare ɗaya don a wasa shi. Abin da ake watsarwa a manyan bukukuwa uku na garin Difa ya isa ya ciyar da yara biyu shekara guda a gaban wani tsohon gwani, ko na biram ne, ko na algaita, ko na ganga. Ma'aikatan al'adu na jiha kuma ba sai sun jira UNESCO ta sake aiko da tallafi ba kafin su ɗauki na'urar ɗaukar murya, wadda yau ke cikin aljihun kowa, su bi zangon ƴan tafki suna tambaya: wa ya iya, wa ya koya masa, wa ya koya wa malaminsa? A rubuta sunayen, a ajiye kwafi a gidan rediyo da cibiyar Alhaji Taya. Mai shirya biki kuma, in ya gayyato baƙon makaɗi, ya umarci sanƙira ya faɗi sunan malamin makaɗin kafin a fara liƙi. Wannan ko dala ba ya ci.

Ranar da na je Sayam, da la'asar, na tsaya a bakin shinge ina kallon garken kuri suna dawowa daga kiwo, ƙahoninsu kamar tuluna. Wani dattijo da aka ce mini daga tsibirai ya fito yana tsaye kusa da ni, shi ma yana kallo. Bayan mun gaisa na tambaye shi ko ya san biram. Ya dube ni ya yi murmushi, ya buɗe hannuwansa biyu ya nuna mini tsawonsa, ya ce rabonsa da jin sa tun yana saurayi, a wani dare da aka yi babban kamu. Na ce ko zai iya tuna waƙar. Ya yi shiru, ya ɗan yi gunguni a maƙogwaro, ya kai tsakiya ya tsaya, ya ce sauran sai in akwai tsirkiya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.